Yafiyar da ke sakin mai laifi a Pakistan

Yau na sake kallon "A Girl in the River" na Sharmeen Obaid-Chinoy, mai shirya fina-finai 'yar Pakistan, fim ɗin gaskiya na minti 40 da ya ba ta lambar yabo ta Oscar ta biyu a 2016. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda dattawan unguwa suka matsa wa yarinyar da fim ɗin ke ba da labarinta ta yafe wa mahaifinta da kawunta, waɗanda suka harbe ta suka jefa kogi saboda ta auri zaɓinta. Ta yafe, aka sake su.

A Oktoba 2016 majalisar ƙasar ta gyara doka kan kisan "kare mutunci", wato kashe ɗan uwa bisa zargin ya zubar da mutuncin dangi: yafiyar dangi tana ɗauke hukuncin kisa ne kawai, ɗaurin rai da rai yana nan. Amma alƙali ke tantance ko kisan "kare mutunci" ne, sai mai laifi ya kawo wani dalili daban don yafiyar ta sake shi. Wannan giɓin yana damuna.