Wasiƙa Daga Landan: Mai Gida Ya Karanta Zanen Gidansa Kafin A Haƙa Tushe

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga Landan a kan wani al'amari da ya ci mini kuɗi, ya kuma kusa ci mini zumunci. Al'amarin shi ne zanen gini, wato takardun nan da mai zane yake miƙa wa mutum idan zai gina gida, waɗanda magina suke kira fulan. Ni ba injiniya ba ne. Ɗan abin da na sani na koye shi ne a gidan bene da na gina a Kano ta hanyar aike, sai kuma a nan Ingila, lokacin da muka ƙara kicin a bayan gidan da muke zaune.

Lokacin da zan fara ginin Kano, mai zane ya turo mini hoton gidan ta WhatsApp, an yi masa fenti, an shuka dabino a ƙofa, har da wata farar mota a harabar. Na nuna wa maiɗakina, muka yi ta murna, na amsa masa da cewa ya yi. Sauran shafukan, masu layuka da lambobi, ban ko buɗe su ba, domin a ganina wannan aikin birkila ne. Ƙanena ya karɓi kula da aikin, ni kuma ina aika kuɗi. Ranar da na zo hutu, bayan an zuba dekin, na kama hawa bene cikin alfahari, sai goshina ya haɗu da bim, wato kankaren da ke kwance yana ɗauke da nauyin sama, a tsakiyar matakala. Da na shiga ɗakin da muka ware wa kanmu na auna, sai na ga gado da wadirof ba za su zauna a bango ɗaya ba. Na yi wa ƙanena maganganun da har yau nake jin kunyarsu, shi kuwa bai ce uffan ba, ya ɗauko takardun da na amince da su ya shimfiɗa a kan buhun siminti. Bim ɗin yana nan a shafin injiniya, daidai inda aka zuba shi. Awon ɗakin ma yana nan a rubuce. Yaron bai sauya ko layi ɗaya ba.

A Ingila ne aka tilasta mini buɗe shafukan da na guje wa. A nan izini iri biyu ne: akwai na tsara gari, wanda yake duba girman ginin da kamanninsa da yadda zai shafi maƙwabta, akwai kuma na ƙa'idojin gini, wanda yake duba ƙarfinsa da magudanan ruwa da kariya daga gobara. Idan ka nemi izinin farko, ƙaramar hukuma tana sanar da maƙwabtanka, tana kuma ɗora zanen a shafinta na intanet, kowa ya gani. Jami'in duba gini ya zo ya leƙa ramin tushe kafin a zuba kankare, ya sake dawowa lokacin da aka shimfiɗa bututun bahaya. Amma wanda ya fi koya mini shi ne maginin, wani dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya ƙi ɗaga shebur sai da ya zaunar da ni a kan zanen ya tambaye ni ta wane gefe nake so ƙofa ta buɗe, da inda firji zai tsaya. Ya ce gyara a takarda kuɗin fensir ne, gyara a bango kuwa sai da guduma.

Abu na farko da ya kamata mutum ya nema a kowane shafi shi ne sikeli. Idan an rubuta 1:100, santimita ɗaya a takarda yana wakiltar mita ɗaya a ƙasa, idan kuma 1:50 ne, santimita biyu ne suke zama mita ɗaya. Ƙananan wurare masu wuyar sha'ani, irin mahaɗar rufi da bango, akan zana su da 1:20 ko 1:10. Sai dai kada a dogara ga ɗora rula a kan takarda, domin zanen da aka yi a babbar takarda ta A1 idan aka buga shi a A3 ya riga ya tsuke da rabi. Lambar da aka rubuta ita ce abin bi. Lambobin nan kuwa da milimita ake rubuta su, don haka 3600 yana nufin mita 3.6. A nan ne ake yawan samun saɓani a gida, saboda mai zane yana magana da milimita, birkila kuma yana magana da ƙafa da inci, kuma ƙafa 12 ba 3600 ba ce, 3658 ce. Bambancin bai kai tsawon ɗan yatsa ba a ɗaki ɗaya, amma idan ya taru a ɗakuna huɗu a jere, fila, wato ginshiƙin gini, ta bar mazauninta.

Shafin da kowa ya fi sani shi ne na shimfiɗar ɗakuna. Hanyar fahimtarsa ita ce mutum ya ɗauka an yanke gidan a kwance, kamar mita ɗaya da ɗoriya daga daɓe, an ɗauke saman, shi kuma yana leƙowa daga sama. Layuka masu kauri bango ne, ɗan bakan da ke jikin ƙofa yana nuna inda za ta bi idan an buɗe ta, layi mai tsinke-tsinke kuma yana nuna abin da ke sama da kai ko wanda ido ba ya gani. A wannan shafi ne na yi asarar ɗakina. An rubuta 3600, ni kuma na ɗauka cikin ɗakin ke nan, ashe awon daga tsakiyar bango ne zuwa tsakiyar bango. Bulo mai inci 9 kaurinsa milimita 225 ne, don haka abin da ya rage shi ne 3375, filasta kuma ta ƙara cin nata a kowane gefe. Ku duba inda layin awo ya fara da inda ya ƙare. Abin da na fi ba da shawara shi ne mutum ya sami fili, ko da tsakar gida ne, ya ɗauki tef da toka ko gawayi, ya zana ɗakin da ainihin girmansa, ya shiga ciki ya tsaya, ya sa uwargida ta tsaya a inda aka ce kicin ne ta miƙa hannunta. Magina na da, masu tubali da azara, da ƙafa suke shata gida a ƙasa, mai gida yana tsaye yana cewa a matsa nan, a ƙara can. Wannan shawarar ce muka daina yi tun da aka koma takarda.

Akwai shafukan da suke nuna fuskokin gidan daga waje, gaba da baya da gefe biyu, kuma ba su da wahalar ganewa. Wanda ake tsallakewa shi ne shafin yanka, inda ake ɗauka an tsaga gidan a tsaye daga rufi har tushe, kamar yadda ake tsaga kankana. A shafin shimfiɗa za ku ga layi mai alamar A a kowane ƙarshensa, wato ta nan aka bi aka yanka. Wannan shafi ne yake faɗin tsayin silin, da inda linta za ta zauna, da zurfin tushe, da lissafin matakala. Idan daga daɓen ƙasa zuwa na sama milimita 3000 ne, tsayin kowane taki kuma 150, taki 20 ake bukata, kuma idan faɗin kowanne 280 ne, matakalar za ta ci fiye da mita 5 a miƙe. A ƙa'idar Ingila, dole a bar mita 2 tsakanin matakala da duk abin da ke saman kan mai hawa. A zanen gidana babu yanka ko ɗaya da ya ratsa ta matakala, shi ya sa babu wanda ya ga bim ɗin yana jiran goshina. Duk mai gina bene ya nemi a yi masa yanka ta kan matakala, ya kuma tambaya ko an ɗora shafin mai zane a kan na injiniya an ga sun dace.

Shafin fili shi ne yake nuna yadda gidan zai zauna a fuloti, kuma a jikinsa akwai kibiyar da ke nuna arewa. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 bai wuce kimanin mita 15 a 30 ba, kuma hukumar tsara gari tana bukatar a bar tazara tsakanin gini da iyaka, sai abin da ya rage ne naka. Kibiyar nan tana da amfani ƙwarai a wurinmu. Da ita za ka san wane ɗaki ne ranar yamma za ta gasa a watan Afrilu, da wane bango ne ruwan damina zai riƙa duka, tun da hadarinmu daga gabas yake tasowa. Da ita kuma za ka san ko masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, alƙiblar da a Kano take gabas tare da ɗan karkata zuwa arewa. Zanen da aka kwafo daga intanet, ko wanda aka yi wa wani a Legas, bai san da wannan ba, bai kuma san cewa baƙo namiji yana bukatar wurin zama da banɗakin da ba sai ya ratsa cikin iyali ba, aikin da zaure yake yi a gidajen iyayenmu. Ku duba tazarar sokawe da rijiya ko rijiyar burtsatse, ku duba kuma tsayin daɓe a kan titi, domin mun sha ganin an zo an yi kwalta da kwata, titi ya ɗaga, gida ya koma kwari.

Shafukan injiniya su ne mafi ban tsoro a ido, amma mai gida yana iya gane abin da zai amfane shi a cikinsu. Idan aka rubuta 4Y16 a jikin fila, ana nufin rodi huɗu masu kaurin milimita 16. Idan aka rubuta Y12 da 150 a dekin, ana nufin rodi mai milimita 12, a jera shi da tazarar 150 tsakanin kowane biyu. Ɗan kwangila zai iya cewa a sa 12 a madadin 16 tun da bambancin kaɗan ne, amma bakin rodi mai 16 ya kai murabba'in milimita 201, na mai 12 kuwa 113 ne kawai, wato an zubar da kusan rabin ƙarfen. Haka ma haɗin kankare na 1:2:4, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, wanda yakan koma wani abu dabam idan mai gida ya juya baya. Kankare kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, don haka gaggawar cire katakon dekin ba gwaninta ba ce. Wanda ya zana gida mai hawa ɗaya bai lissafa nauyin hawa na biyu ba, kuma duk wanda ya ji labarin benen da ya rufta a Ikoyi a watan Nuwamba na 2021 ya san abin da nauyi yake yi idan ya fi ƙarfin abin da ke ɗauke da shi.

A kusurwar kowane shafi akwai ɗan akwati mai sunan aikin, da lambar shafi, da kwanan wata, da alamar gyara. Masu aike daga waje su fi kowa kula da shi, domin abu ne mai sauƙi kai kana riƙe da gyara na uku a wayarka, birkila yana gini da na farko. Nan ne kuma ake ganin hatimi. A Nijeriya, ARCON ce take rajistar masu zanen gini, COREN kuma take rajistar injiniyoyi, sannan zanen yana bukatar amincewar hukumar tsara gari, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Daga cikakken zane ne ake fitar da lissafin kaya, kuma ko mai gida yana iya gwada shi da kansa, tun da murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10, rodi kuma tsawonsa mita 12 yake zuwa. Da na san wannan tun farko, da ban riƙa kwana ina zargin ƙanena a kan yawan bulo ba, shi ma da ya sami abin da zai nuna mini wanda ya fi rantsuwa.

Game da matakalar, injiniya ya ce bim ɗin ba ya taɓuwa, domin shi ke ɗauke da bangon sama. Sai muka fasa matakalar aka juya ta, ta cinye ɗan sito da aka ware a ƙarƙashinta da wani yanki na falo. A wannan karon sai da aka zana yankan, na buga shi a nan, ƙanena ya buga nasa a can, muka bi shi taki-taki ta waya, shi yana tsaye a wurin da tef a hannunsa, kafin a kira kafinta.

Ina gaishe da kowa da kowa, manya da yara. Allah ya sa mu gana da alheri.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Landan