Gidajen da na zana kafin wasan ya fito

Akwai wani littafin rubutu mai layukan murabba'i da ke ajiye a gefen kwamfutata, na cika shafi goma sha huɗu a cikinsa da zanen gidaje. A shafi na uku akwai gida mai zagayayyen falo, matakalarsa ta nannaɗe kamar dodon koɗi, tagoginsa duka suna kallon gabas. Ba inda zan gina shi da bulo da siminti. Na zana shi ne don wani wasan kwamfuta da nake jira mai suna Paralives, wanda wani mai tsara wasanni a Kanada, Alex Massé, ya fara nuna wa duniya a 2019. Daga baya ya tara 'yan mutane kaɗan suna aikin tare, masu sha'awar wasan kuma suna tallafa musu da kuɗi duk wata ta Patreon, wani shafin intanet na tara tallafi.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan wasanni ba, su ne waɗanda ake sakar wa mutum mara. Babu wani dodo da za ka kashe a ce ka ci wasa, babu labarin da aka shimfiɗa maka ka bi. Fili ake ba ka da kayan aiki da dokoki, kamar yaro da aka zaunar a tarin yashi, sauran kuma ya rage naka. Will Wright ya fito da SimCity a 1989, inda kake zama magajin gari, sannan The Sims a 2000, inda kake kula da iyali ɗaya. Minecraft, da aka fara saki a 2009, ya kai abin ga kowa. Ni ta The Sims na shigo, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bango ba ya lanƙwasa yadda nake so, gado kuma girmansa ɗaya ne ko ɗakin ya matse. Da na ga Paralives ya nuna ana jan bango ya zagaye, ana kama gefen tebur a miƙe shi ko a rage, har tsayin mutum ana iya ƙarawa, a ranar na sayi littafin nan.

Sai dai yanzu ɗokina yana da linzami, domin na taɓa ƙonewa.

Shekarun baya na jira wani wasan gina birni kusan wata goma. Bidiyon tallarsa na kalla ya fi sau talatin: rana tana faɗuwa a bayan gadoji, motoci suna bin hanya a natse, fitilu suna kunnuwa unguwa bayan unguwa. Na biya kuɗi tun kafin ya fito. Daren da aka sake shi na zauna ina kallon layin saukewa yana rarrafe, ban kwanta ba sai da ya cika. Farkon wasan lafiya lau. Na shimfiɗa titi, na ja wuta da ruwa, gidaje suka fara tsirowa. Da jama'ar garin suka fara yawa sai fankar kwamfutar ta ɗauki ƙara, hoton ya soma tsinkewa, in na juya kyamara sai ta tsaya cak kafin ta biyo ni. Na shiga saiti na rage inuwa, na rage nisan gani, na kashe wannan na kunna wancan. Ban ankara ba lokaci ya tafi. A Steam, shagon intanet da na sayi wasan, ƙa'idar mayar da kuɗi a fili take: cikin kwana 14 da saye, kuma kada wasan da ka yi ya kai awa 2. Ni na haura awa huɗu, rabinsu a cikin saiti na ƙone su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuɗin ba ne. Na gane cewa wata goma ina yi wa rogo kallon kitse. Bidiyon talla yana iya nuna kyan hoto, amma wasan irin wannan ba a hotonsa ransa yake ba. Ransa yana cikin lissafin da ke gudana a ƙarƙashi: kowane ɗan mutum da ke kan allo yana da gida, yana da wurin aiki, sai kwamfuta ta nemo masa hanya, ta kuma sake nema in cunkoso ya tare shi. Mutum ɗari ba komai ba ne. Dubu hamsin kuwa, wannan nauyi a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar yake sauka, shi ya sa rage inuwa bai yi mini maganin komai ba. Matsalar kuma ba ta bayyana a awar farko. Wani lokaci ma sai ka yi kwanaki kana gini, ka shaƙu da garinka, sannan ta fito.

Tun daga nan na canza yadda nake jira. Bidiyon da aka yanka aka haɗa da kiɗa ina kallonsa don nishaɗi kawai. Wanda nake nema shi ne dogon nunin da ba a yanke ba, inda mai tsara wasan yake danna linzamin kwamfuta a gabanka, kana ganin inda abu ya maƙale. In ɗan mutum ya tashi daga kujera zai je kicin, ina lura ko zai zagaye tebur ko zai tsaya yana dube-dube. Wannan ɗan motsin ya fi faɗuwar rana gaya mini gaskiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ina kuma duba jerin ƙarfin kwamfutar da suka ce ana buƙata, na kwatanta da tawa, kuma layin da suka ba da shawara nake kallo, ba mafi ƙarancin ba. Kuɗi kuwa ba na biya sai wasan ya fito na ga mutanen da suka yi awa ashirin ko talatin a ciki sun nuna garuruwansu ko gidajensu.

Na kuma daina jin haushin ɗage rana. Da aka ce Paralives ba zai fito a Disamba 2025 ba, sai Mayu 2026, na ji babu daɗi na yini ɗaya, daga nan na ga gara haka. Ɗagewa ta fi sokewa. A Yuni 2024 kamfanin Paradox ya soke Life by You gaba ɗaya, wasan da mutane da yawa suka sa ran zai yi gogayya da The Sims. Akwai kuma No Man's Sky, wanda ya fito a 2016 ya sha suka, masu shi suka ci gaba da gyara shi kyauta shekara da shekaru har ya zama wani abu daban. Ina girmama wannan juriyar, amma ba kowane kamfani ne ke da ita ba, don haka ba na sayen alkawari.

Na san fitowar Paralives ta farko ta gwaji ce, za a sayar da shi tun bai kammala ba, za a samu kurakurai, wasu abubuwan ma sai daga baya. Na shirya yadda zan yi da awa biyun nan na mayar da kuɗi. Ba zan tsaya gyaran gira da hancin ɗan mutum ba, don a nan lokaci ke zurarewa. Zan ɗauki gidan da aka riga aka gina, in cika shi da mutane, in sa lokaci ya yi gudu, in saurari fanka. In ta yi shiru, zan buɗe littafin a shafi na uku in fara jan bangon falon.