Kafin a sa wa tsohon gidan gado kuɗi

A cikin birnin Katsina, da ma Daura, akwai sauran gidajen nan na ƙasa masu zaure biyu ko uku, da soro da shigifa, da lambu a baya wanda ya gangara har bakin tafki. Ranar da magada suka ce a sayar, masu saye iri biyu ne. Ɗaya fili kawai yake gani, ya rushe ya yanka fuloti. Ɗayan ginin yake so, ya gyara shi ya zauna ko ya mai da shi masaukin baƙi. Wannan na biyun ba shi da yawa, kuma ba ya fitar da kuɗinsa sai ya ga an shirya masa abin da zai duba.

A fara da gado. Muddin ba a raba ba, kada a kira dillali. A je kotun shari'a a fitar da rabon kowa a rubuce, ko magada duka su wakilta mutum ɗaya, da sa hannun kowa, har mata da waɗanda ke zaune a wani gari. Dalili kuwa shi ne shuf'a: a mazhabar Malikiyya, idan ɗaya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba ga bare, abokin tarayyarsa na da ikon biyan kuɗin ya karɓe. A kuma tambayi dattawan gida da mai unguwa ko wani sashe waƙafi ne, kamar masallacin ƙofar gida ko zauren makarantar allo, don wannan ba ya sayuwa. Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, saboda haka sauya sunan mai takardar mallaka sai da amincewarsa. Yawancin tsofaffin gidaje ba su da takardar ma, shaidar unguwa ce kawai, sai a kira masu safiyo su auna su kafa duwatsun iyaka.

Sai ginin kansa, inda kuɗin yake ɓuya. A nemo tsohon magini wanda ya san tubali, ba birkila ba. Daga sama ake farawa, domin gidan ƙasa ta ka yake mutuwa. A duba kowane indararo: idan ya toshe ko ya gajarce, ruwan Agusta zai bi jikin bango ya ci shi. A shiga ɗaki a ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya da sanda. Mai lafiya tana da amo, wadda ruwa ya ruɓar ko gara ta shiga sai ka ji ta fanko, musamman kanta da ke cikin bango. Azara ba ta ɗaukar rufi fiye da kimanin mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magabata suka yi bakan gizo da ɗaurin guga, wato ginin baka mai lanƙwasa da ke tallafe rufi, a manyan ɗakuna. Tsaga a tsakiyar baka babbar magana ce, a tokare shi nan take. Tsaga siririya a yaɓe kuwa ba komai ba ce.

Abin da ya fi ɓata irin waɗannan gidaje shi ne siminti. Magada kan shafe bango da shi kafin ciniki wai don gida ya yi kyan gani. Siminti ba ya kama ƙasa, yana kulle laima a ciki, bayan damina biyu ko uku sai ya ɓamɓaro da naman bango. Wanda ya san gyara, da ya ga haka rage kuɗi zai yi, don sai ya biya a kankare. Gara a bar bango da tsohon yaɓensa na makuba ko laso. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 da Hasumiyar Gobarau duk ginin ƙasa ne, kulawa ce ta tsayar da su.

Tafkin ma a yi masa kallon tsanaki. Sau da yawa kududdufi ne, ramin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar, kuma nan ruwan unguwa ke taruwa. A kafa turke inda ruwa ya tsaya a ƙarshen damina, a auna tazararsa da katanga. Idan gindin bango ya yi fari-fari yana zubar da gari, laima ce ke hawowa daga ƙasa. A rubuta ƙarara ko tafkin na cikin ciniki, don galibi na jama'a ne. Itatuwan lambu kuma a ƙidaya su da sunayensu, mangwaro nawa, dabino nawa, giginya nawa, kar wani magaji ya sare kafin a miƙa makulli.

In ana son gidan ya rayu, alkawarin baki ba ya hana katafila shigowa. Lauya ya sa sharaɗi a takardar ciniki cewa ba za a rushe zaure da soro ba, a haɗa da hoton kowane ɗaki da rahoton magini. Sharaɗin zai rage farashi, magada su san da haka tun farko. La'adar dillali ma a yanke ta a rubuce. A nuna gidan a watan Oktoba, lokacin da duk inda ke yoyo ya bar tabo, mai saye kuma yana da rani guda a gabansa na buga tubali da gyaran rufi kafin ruwan Yuni.