Aikina yana nan, amma an raba shi ga mutum uku

Tallafin binciken da na nema bara bai samu ba, kuma har yau in na tuna dalilin sai raina ya ɓaci. Da cewa aka yi tsarin aikin ba shi da ƙarfi, da na haƙura, don mai neman kuɗin bincike ya saba da jin a'a. Abin da alƙalin ya rubuta shi ne, mai neman bai wallafa abin a zo a gani ba in aka duba shekarun da ya yi a fagen, kuma ba a cika ambaton aikinsa ba. A labo na karanta wannan layin, na sake karantawa, na rasa wa ake nufi.

Aikina a kan ƙwayar cutar masassarar cizon sauro ne, da yadda take koyon bijire wa magani. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 a riƙa bai wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi kowane wata a lokacin damina, wato sulfadoksin-pirimetamin haɗe da amodiyakin, tambayar da ke gabanmu ita ce har yaushe wannan haɗin zai ci gaba da aiki. Mukan bi gidajen likita na wajen Magariya da Matamai, a ɗiga jinin yatsa a kan takarda, ya bushe, mu sa kowace a ledarta da ɗan ƙunshin da ke shanye danshi, mu dawo Damagaram. Daga nan sai cire ADN, wato sinadarin gado na ƙwayar cutar, sai PCR, dabarar da ke yawaita shi don a iya duba shi, muna neman sauye-sauye a dhfr da dhps, ƙwayoyin gado biyu da sauyinsu ke sa cutar bijire wa maganin. Wanda muka fi tsoro shi ne na gurbi na 540 a dhps, wanda ya yawaita a gabashin Afirka amma bai yaɗu haka a Sahel ba. Wannan aikin na rubuta shi, ya fito a mujallu, wasu da sunana a farko, wasu a tsakiya tare da abokan aiki na waje.

Wani dattijo a fannin, da ke Yamai, shi ya buɗe mini ido ta waya.

"Ƙanena, ka taɓa neman sunanka a rumbun takardun bincike na intanet da alƙalan nan ke dubawa?"

Na ce, "Farfesa, ai na san takarduna ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Kai ka san su. Je ka duba ko rumbun ya san ka."

Na duba a daren. Mutum uku na tarar, kowa da shafinsa, kowa da ƴan takardunsa, kuma duka ni ne.

Mu nan ba mu da sunan zuri'a irin na Turawa. Sunanka ne, sai na mahaifinka, wani lokaci da na kaka. Ga shi suna ɗaya ana rubuta shi Mahamane a takardar haihuwa, Mahaman a faspo, a gida kuma ana kiran ka Mamman. Su kuwa rumbunan nan suna ɗaukar kalma ɗaya a matsayin sunan iyali, sauran su taƙaice su zuwa harafi. Abokin aikin da ya tura takardarmu ta farko daga Faransa ya sa sunan mahaifina a matsayin na iyali. Wanda ya tura wata daga baya ya juya su, nawa ya koma na iyali. A ta uku an haɗe sunayena biyu da ɗan layi a tsakani. Babu wanda ya yi da mugun nufi, kowa ya cike gurbin yadda ya ga ya dace. Inji kuma ya karanta mutum uku. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, a ɗaya daga cikin shafukan an cusa mini takardun wani mai suna irin nawa da ke bincike a kan gero. Alƙalin da ya buɗe wannan shafin me zai ɗauke ni?

Sai ka san yadda ake lissafin ma'aunin h, lambar da ake auna mai bincike da ita, kafin ka gane girman ɓarnar. Wani masanin fiziks mai suna Jorge Hirsch ya kawo shi a 2005. In kana da takardu 10 da aka ambaci kowace a wasu takardun bincike aƙalla sau 10, ma'auninka 10 ne. To a raba waɗannan takardun gida uku. Shafin da ya samu 4 ba zai taɓa wuce 4 ba, ko da an ambaci kowace sau ɗari, don ma'aunin ba ya wuce yawan takardun da ke shafin. Kamar mai awaki ne da aka rarraba dabbobinsa gidajen maƙwabta, mai ƙidaya ya zo ya lissafa na turke kaɗai ya tafi. Shafin da alƙalin ya gani, wanda ya yi daidai da sunan da ke faspona, shi ne mafi ƙanƙanta cikin ukun.

Abin bai taɓa fitowa fili ba saboda wajen ƙarin girma ta hanyar CAMES, hukumar Afirka da ke tantance malaman jami'a, mai mazauni a Wagadugu, kai ne ke haɗa dosiyenka ka miƙa takardun da kansu, masana su duba. A can sunan da aka juya bai hana a gane ni ba. Masu ba da tallafi na waje kuwa, da tarin masu nema a gabansu, sau da yawa lambar suke fara kallo.

Na san muhawarar da ake yi a kan waɗannan lambobi. Tun 2012 aka tsara sanarwar San Faransisko, DORA, da ke cewa a daina auna mai bincike da martabar mujallar da ya wallafa a ciki, a duba aikin kansa. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Sakamako irin namu, wanda ke cewa maganin har yanzu yana aiki a gundumar kaza, ba ya jawo ambato kamar gano kelch13, ƙwayar gadon da ke da alaƙa da bijire wa maganin artemisinin, da aka bayyana a 2014, alhali shi mai tsara rabon magani ke buƙata kafin damina. Amma wannan wata magana ce daban. Ko da ma'aunin gurgu ne, ina da haƙƙin a auna ni da aikina duka.

Gyaran ya ci rai. Sai ka cike buƙatar haɗe shafuka, ka bi takarda ɗaya-ɗaya da lambar shaidarta ta intanet, wato DOI, kana tabbatar da cewa taka ce, ka cire na mai gero, kuran ya ɗauke, intanet ta yanke, ka sake daga farko, sannan ka zauna jiran amsa. Da aka haɗe su, lambar ta kusa ninkawa. Sai dai a lokacin an riga an raba kuɗin, daminar da na so in faɗaɗa aikin zuwa wasu gundumomi ta wuce ba tare da samfuri ko ɗaya daga can ba. Ba a komawa a ɗebi jinin daminar da ta wuce.

Yanzu duk ɗalibin da ya shigo labona, kafin ya taɓa bututun gwaji sai ya buɗe ORCID. Kyauta ne, tun 2012 yake, lamba ce mai gurbi 16 da ke bin ka duk yadda aka rubuta sunanka, kuma akwai wurin da za ka jera sauran rubuce-rubucen sunan. Sai mu zauna mu tsayar da wane suna ne na iyali, wane ne na yanka, ya rubuta a shafin farko na littafinsa na labo, ya tura wa duk wanda zai yi aiki da shi kafin a fara rubutu. Ƴan'uwa mata nakan ƙara ja musu kunne, don wadda ta fara wallafa da sunan mahaifi, bayan aure aka koma kiran ta madam wane, ita ma a rabe za ta tsinci kanta. In mujalla ta turo gwajin bugu na ƙarshe, layin sunaye da adireshi za ka fara dubawa kafin jadawali, don da zarar ya fito gyaransa sai an kai ruwa rana.

Ina da shaida a kan haka. Akwai takardata ɗaya da har yau adireshinta ke cewa Zinder a Nijeriya take. Wani a wajen tsara bugu ya ga sunan ƙasarmu ya ɗauka an manta haruffa ne, ya cika. Duk wanda ya ƙidaya binciken da ya fito daga Nijar, wannan ba ta ciki. Na rubuta wa mujallar, sun ce sun karɓa, shiru. Wannan makon zan sake rubuta musu, kuma wannan karon da sa hannun duk waɗanda muka yi aikin tare.