Albert Speer, Mai Zanen Gini da Ya Ce Bai Sani Ba

A cikin manyan da suka kewaye Hitla, babu wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai kamar Albert Speer. Goebbels mai farfaganda da Himmler shugaban rundunar SS sun yi ƙaurin suna, muguntarsu kuwa a fili take. Speer ɗan masu hali ne, mai ilimi da sanyin magana, wanda aka haifa a Mannheim a 1905, ya karanci zanen gine-gine, sannan ya shiga jam'iyyar Nazi a 1931.

Ta hanyar gini ya sami shiga. Hitla, wanda tun yana saurayi yake sha'awar zane, ya ja shi a jiki, ya ba shi aikin tsara filin gangamin jam'iyya a Nuremberg, daga baya kuma sabuwar fadar gwamnati a Berlin. A 1937 aka damƙa masa sake fasalin birnin gaba ɗaya, kuma a ƙarƙashin wannan aiki ne ofishinsa ya fitar da dubban Yahudawa daga gidajensu. Da ministan makamai Fritz Todt ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Fabrairu na 1942, sai aka naɗa Speer a madadinsa.

A nan ne abin ya fi yi mini nauyi. Masana'antun da yake alfahari da su sun dogara ne ga gumin miliyoyin mutanen da aka kwaso da ƙarfi daga ƙasashen da Jamus ta mamaye, haɗe da fursunonin sansanoni. A watan Disamba na 1943 ya shiga da ƙafarsa ramukan Mittelbau-Dora, inda fursunoni ke aikin masana'antar roka samfurin V-2 a ƙarƙashin dutse, cikin yunwa da ƙura da cuta, suna mutuwa kullum. Ya gani da idonsa, aikin kuma ya ci gaba.

A shari'ar da aka yi wa shugabannin Nazi a Nuremberg bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya zaɓi wata hanya dabam da ta sauran. Ya amince cewa yana da kaso a alhakin abin da gwamnatin ta aikata a dunƙule, amma ya ce ba shi da masaniya a kan kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawa. Aka yanke masa shekara 20. Fritz Sauckel, wanda ke kwaso masa ma'aikatan da Speer da kansa yake nema, an rataye shi a watan Oktoba na 1946. Wannan bambanci har yau ban iya haɗiye shi ba, domin ɗaya ne ke yin oda, ɗaya ke kawowa.

Speer ya fito daga kurkukun Spandau a 1966, ya rubuta tarihin rayuwarsa, littafin ya yi kasuwa, Jamusawa da yawa suka sami mafaka a cikin maganarsa: idan minista bai sani ba, ina ga talaka? Ya dage cewa ya bar birnin Posen kafin Himmler ya yi jawabinsa na Oktoban 1943, wanda a ciki ya faɗi ƙarara cewa ana hallaka Yahudawa har mata da yara. Ya mutu a Landan a 1981 yana kan wannan magana a bainar jama'a. Sai a 2007 wata wasiƙa da ya rubuta a 1971 ta fito fili, kuma a cikinta ya amsa da hannunsa cewa yana wurin lokacin da Himmler ke magana.