Ƙurajen da suka fito a karan tumatirina, ashe saiwa ce

Har yanzu in naji wani yace "kankare shi kawai" sai raina ya ɓaci. Tumatir ne na shuka a bokitai, ya kai ƙugu har ya fara fure, sai wasu ƙuraje suka feso a jikin karan daga ƙasa-ƙasa, ƙanana farare wasu kore-kore, a jere kamar ƙurajen zafi, in ka shafa kaji kaushi. Na nuna wa mutane hoto, wani yace ƙwan ƙwari ne, wani yace fangas, wanda yafi kowa ƙarfin baki yace ciwon dajin tsiro ne, in sa reza in kankare tun bai yaɗu ba. Na kankare na wasu, na bar wasu don yamma tayi na gaji.

To waɗanda na kankare ɗin su suka tafi. Wurin yayi baƙi, ya jiƙe, ya fara ruɓewa, mafi kyau a cikinsu wanda yafi kowanne fure ya karye daga nan daidai inda rezar ta bi. Waɗanda gajiya ta hana ni taɓawa suna nan tsaye.

Sai da na kifar da bokitin wanda ya mutu don in zubar da ƙasar na gane inda matsalar take. Wani wari ya bugo ni, gindin bokitin caɓal da ruwa, hudojin ƙasa duk sun toshe, saiwar da ya kamata ta zama fara tas ta koma ruwan ƙasa, kana ja tana saɓulewa. Saiwar ce ta shaƙe ta rasa iska. Shi tsiro akwai sinadarin girma da yake yi a tohon sama, oksin ake ce masa, yana gangarowa ta kara zuwa saiwa, to in saiwar ta nutse a ruwa ko wani abu ya tare hanya sai ya taru a karan, karan kuma ya fara ƙoƙarin fitar da sabuwar saiwa a sama inda akwai iska. Ƙurajen nan kawunan sabuwar saiwa ne. Wato tsiron na neman ceton kansa ni kuma na bi da reza na aske abin da zai cece shi, na bar masa buɗaɗɗen rauni cikin laima, wallahi abin da ciwo.

Gyaran kuwa ba wani abu bane. Na ƙara hudoji, na ɗaga bokitan kan bulo don ruwa ya riƙa tsiyayewa, na daina ban ruwa sai na cusa yatsa naji ƙasar ta sha iska. Sannan na tara ƙasa mai laushi a gindin har ta rufe ƙurajen, da na tona gefe daga baya sai ga fararen saiwoyi sun fito daga cikinsu. Na sama da ƙasa bata kai ba sun bushe abinsu, ba abin da suka yi wa tsiron.

Amma fa kar wani ya ɗauka duk kumburi a kara saiwa ce. Ciwon dajin da mutumin can ya faɗa akwai shi da gaske, bakteriya ce mai suna Agrobacterium tumefaciens, tun 1907 aka tabbatar ita ke kawo shi. Nata kamannin daban ne, ba jeri take yi ba, ƙullutu ne guda ko 'yan kaɗan, yawanci daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, da farko fari mai taushi, yana girma yana zama curi mai kaushi, ruwan ƙasa, ya taurare kamar icce. Abin da take yi ma abin mamaki ne, wani yanki na ƙwayar halittarta take cusawa cikin ta tsiron, sai tsiron da kansa ya riƙa tara sinadarin girma a wurin yana kumbura ba tsayawa, shi yasa ko bakteriyar ta mutu ƙullutun baya fasa girma, kuma babu feshin da zai warkar da shi. In ita ce, tumɓuke tsiron zaka yi har da ƙasar da ke gindinsa ka fitar, kar ka zuba a takin gida, don tana iya shekaru a cikin ƙasa.

Kuma ta ina take shiga? Ta rauni. Yankan wuƙa, cizon ƙwaro, saiwar da ta tsinke wajen dashe. Kaga kenan shawarar reza ɗin nan ko ta wane gefe ka duba asara ce, in saiwa ce ka lalata ta, in ƙullutun gaske ne ka kwaso cutar a bakin reza ka kai wa na kusa da shi, ni kuma reza ɗaya na bi dasu duka ko gogewa banyi ba. Yanzu almakashi baya tsallakawa daga tsiro zuwa tsiro sai na goge shi da sifirit.

Abu ɗaya da nake dubawa in ƙurajen sun fito alhali ƙasar bata jiƙe sosai ba, shine ganye. In sabbin ganyen sun murɗe sun tsuke, ana zargin maganin ciyawa irin 2,4-D da iska ta kwaso, don shi ma kwaikwayon oksin yake yi, tumatir kuma ko kaɗan baya jure shi. In kuma tsiron na yaushi da rana duk da akwai danshi, yanki reshe ɗaya ka duba ciki, in ya yi ruwan ƙasa hanyar ruwan ce ta toshe da cuta. Tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa ka bari ya natsu, in wani farin abu ya fara zubowa kamar zare to bakteriyar yaushi ce, wannan tsiron sai fitarwa, bokitin ma a wanke shi da bilic kafin a sake zuba ƙasa.