Awa nawa haɗa injin motar tsere ke ci?

Bakanike, kada ka yanke wa mai mota kuɗin aiki kafin ka kasa aikin kashi-kashi. A injin V8 fistin 8 ne, ringi (zoben da ke jikin fistin) 24, kuma kowane ringi sai an saka shi cikin silinda an auna tazarar bakinsa. Idan ta yi kaɗan, injin na ɗaukar zafi ringin zai kumbura ya karye. Wannan awon da na metal (ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu) sukan cinye yini guda. Ɗaure tof (kan injin da ke rufe saman silinda) da saita taimin (lokacin buɗewar bawul da ba da wuta), ka ware musu wani yinin.

A Sakkwato ƙara awa biyu ko uku na wanki da rufe kaya, musamman lokacin hunturu, domin ƙura kaɗan ta isa ta karce metal.